Hannun da Na Hana Ya Taɓa Bayana

Da sunan Allah mai saukar da ciwo, mai saukar da sauƙi. Na rubuta wannan ne saboda matan da suke wuni a duƙe gaban kaskon kisra, wainarmu ta dawa, tun suna 'yan mata, kamar yadda na yi, ko wata za ta karanta ta tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Ciwon ya same ni da hantsi, bayan na gama kisrar da nake kai wa mai shagon ful, wato dafaffen wake, a bakin kasuwa. Na sunkuya zan ɗaga bokitin ƙullu, sai na ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi a ƙugu, zafin ya bi ta bayan cinya ya sauka har ƙafar hagu. Ban faɗi ba. Na dai tsaya a sunkuye, na kasa miƙewa, na kasa zama, har Malam maigidana ya dawo daga gona ya tarar da ni rungume da turken rumfa.

Makon farko na yi shi a kan angareb, gadonmu na igiya. Yaya Rakiya, yayar Malam, ita ta tare a gidan don jinya. Ba zan ci haƙƙinta ba: ita ta yi mini wanka, ita ta yi girki, ita ta kai ni makewayi a kafaɗarta, kuma ta girme ni. Safe da yamma tana murza mini baya da man riɗi mai ɗumi har sai na ciji gefen mayafi. Masu dubiya suna shigowa da gahawa da dabino, kowa ya ce kaffara, wato Allah ya sa kankarar zunubi ce, kowa ya ajiye nasa maganin. Wata ta ce ƙaho. Wata ta ce sanyi ne ya shige ni ta ƙafa. Wani ɗan'uwan Malam ya ce akwai mai ɗori a wajen garin Dinder, yana ɗora ƙarfe mai zafi a bayan idon sawu, mutum ya tashi ya taka. Igiyar gadon kuwa ta saki a tsakiya, ina kwance a ciki kamar an zuba ni a ƙwarya, kullum gari ya waye na fi jiya nauyi.

Zafin jiki na iya daurewa. Abin da ya ci mini rai shi ne salla. Tun ina yarinya goshina bai taɓa kwana bai taɓa ƙasa ba, sai ga ni ina salla a kishingiɗe, ina nuni da kai. Na san Allah ya yarda da haka ga marar lafiya. Zuciyata ce ba ta yarda ba.

A mako na biyu Malam ya sayar da buhun riɗin da ya ajiye, muka tafi wani asibiti a birni. Hanyar gefen kwatar ban-ruwa duk ramuka ce, kowane rami mai raksha, babur mai ƙafa uku, ya faɗa sai na ji shi a cikin haƙorana. Mun iso da sassafe muka tarar layi ya fita har bakin ƙofa. Babu wurin zama, ni kuma ba na iya tsayuwa, sai Yaya ta shimfiɗa mini mayafinta a gindin bango. Da layi ya zo kanmu aka ce a je a ɗauki hoto. Da muka je wurin hoto aka ce wuta ta ɗauke. Mun kwana gidan wata 'yar'uwa, washegari muka sake kama layi daga farko, domin wanda ya ba mu lamba jiya ba shi ne a bakin ƙofa ba.

Diktan da ya duba ni yaro ne, ga gajiya a idonsa, amma ya saurare ni. Ya ɗaga hoton ya ce gudruf ne, wato wani guringuntsi tsakanin ƙasusuwan baya ya zame yana danne jijiya. Wannan kalmar ta zauna mini a kai har yau. Ya ce ba sai an yanka ni ba tukuna. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce kwanciya wuni guda ba magani ba ce, a nemo wanda ya san aikin motsa jiki ya koya mini yadda zan ƙarfafa naman ciki da na baya, a hankali. Ya ce in na ga fitsari yana kufce mini, kada in jira gari ya waye.

Malam ya sosa gemu ya ce, "To, ai muna da mai wannan aikin a gida."

Na san wadda yake nufi.

Ɗiyata ce ta fari. Ba na faɗin sunanta, ku da kuke namu kun san dalili. Mutanen gari suna ce mata Ustaza, ni ma a nan haka zan ce. Tun da aka yaye ta Haboba, mahaifiyar Malam, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, ban taɓa yi mata kitso ba. In ta bugo waya daga Khartum, na amsa sallama sai in miƙa wa wanda ke kusa. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Haka uwata ta yi da yayana, haka na taso na gani.

Aikinta a Khartum koya wa mata wani irin motsa jiki ne da ake kira bilatis. Tana da ɗaki a wani zaure na mata, da tabarmi na roba a jere. Tun kafin rana ta fito take fara ajin ma'aikatan ofis, da hantsi na masu jego da tsofaffi, da yamma kuma wasu. Ta yi karatun abin, ta ci jarrabawa, amma a garinmu ba a ɗauke shi aiki ba. Na sha ji ana cewa ɗiyar Malam tana can tana koya wa matan manya birgima ana biyanta. In aka faɗa a gabana sai in yi kamar ban ji ba, tunda ba a san uwa da kare 'yar fari ba.

Malam ya buga mata waya, ta iso da yamma, da jaka ɗaya da shuɗiyar tabarma a naɗe a hammata. Ta gaida ni daga bakin ƙofa, ta nemi hoton da abin da dikta ya rubuta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta danna tsakiyar gadon da hannu, ta ce a sauke ni ƙasa, a jingine angareb ɗin a waje har a ɗaure igiyarsa.

Yaya ta ce, "Gado a jingine, tabarma a ƙasa. Mutuwa aka yi a gidan nan? Maƙwabta su leƙo su fara kuka?"

Ustaza ta ce, "Gwaggo, gara su yi kukan banza su koma gida, da wannan gadon ya gama lanƙwasa ta."

Aka sauke ni. A daren nan na yi barcin da ban yi ba tun farkon ciwon, wannan kam na shaida.

Da safe Ustaza ta shigo ta durƙusa kusa da ni, ta kira ni yadda ake kiran uwa a nan, ta ce, "Yumma, zan sa hannuna a ƙarƙashin bayanki. Ki lanƙwasa gwiwa."

Ban san lokacin da na ja zane na rufe ƙafafuna ba. In kwanta rigingine, gwiwa a sama, 'yar fari tana duƙe a kaina tana taɓa mini ƙugu da mara? Na juya fuska bango. Na ce wa Yaya, ba ita ba, "A faɗa mata ta faɗi yadda ake yi, ke ki nuna mini."

Ustaza ta ce, "Abin nan da hannu ake koyar da shi. In ban gani ba, ban taɓa ba, ba zan san ko daidai kike yi ba."

Yaya ta ce, "Ke ɗiyar nan, Khartum ta cinye miki kunya. Fita ki tsaya bakin taga. Ni na haifi takwas, ɗaga ƙafa ne zai gagare ni?"

Ta dube ni, ko zan ce wani abu. Na ƙara jan zane. Ta fita.

Haka muka yi kusan mako biyu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ustaza tana tsaye a waje, bayanta jingine da bango kusa da taga, labule a sake. Sai ta ce, "Ta ja numfashi, ta saki a hankali, ta manna bayanta da tabarma." Yaya ta ce mini, "Ta ce ki yi nishi." Ta ce, "Ta zame diddige ɗaya kaɗan, ba tare da bayanta ya ɗaga ba." Yaya ta kama ƙafata ta ɗaga ta sama, tana cewa, "Wannan kaɗan-kaɗan ɗin sai mu shekara. Ɗago duka biyun mu gama." Ni ma ina ganin gaskiyarta. Mu mun saba magani sai ya yi ɗaci, tausa sai ta yi zafi. In zafin ya harba mini har ƙafa sai in ce aiki yake yi, in riƙe numfashi in ƙara ɗagawa.

Daga waje a tambaya, "Akwai zafi?"

Yaya ta amsa, "Lafiya lau. Jaruma ce uwarki."

Ni kuma ba zan ɗaga murya in amsa wa 'yar fari ta taga ba.

A cikin kwanakin nan na fara jin yadda aikinta yake. Waya ba ta kamawa sosai a gidanmu sai a kan tudun bayan rumbu. Can take shimfiɗa shuɗiyar tabarmar bayan asuba, ta jingine waya da tubali, ta koyar da ɗalibanta daga nesa. Ina jin muryarta ta bango, a kwance, ba ta sauri, tana kiran kowace da sunanta: wance saki kafaɗa, wance kada ki riƙe numfashi. Ta san wadda aka yi wa aiki a ciki, ta san wadda gwiwarta ke ƙara. Sai waya ta yanke a tsakiya, ta tashi tana zagaya tudun da ita a sama. Awaki su taka mata tabarma. Matan da ke wucewa ɗiban ruwa su tsaya kallo suna ƙunshe dariya. Wata rana na ji mai zauren ta kira ta, na ji tana cewa, "Ki ba ni mako biyu. Na sani. In sun koma wurin wata mai koyarwa ba komai, Allah ya ba ta sa'a." Da ta shigo gida sai ta hau wanke kwanuka.

Ni kuwa sai baya nake yi. Zafin ya daina tsayawa a cinya, ya koma zugi har tafin ƙafa. Wata safiya Yaya ta riƙe ni zuwa makewayi, muka dawo sai Ustaza ta ce, "Yumma, ina takalminki ɗaya?" Na duba. Silifa na hagu yana can tsakar gida, ya fice ban ji ba. Ta sunkuya ta tsunkuli babban yatsana kafin in janye. Na ga farcenta ya shiga, ban ji komai ba.

Ranar muka koma asibiti, wannan karon da kuɗin tunkiyar Yaya, ita da kanta ta ce a sayar. Layin nan dai, zafin nan dai, ƙwayar da aka rubuta babu ita a cikin asibiti sai a kantin waje. Dikta ya gwada ƙafar da tsinke, ya ce in nuna masa motsin da nake yi. Na kwanta na ɗaga ƙafafu biyu a miƙe kamar yadda muka saba. Bai bari na kai ba ya riƙe su.

Ya ce, "Wa ya koya miki wannan? Mai gudruf ake sa wa wannan?"

Malam ya nuna Ustaza ya ce ai aikinta ke nan, a Khartum. Dikta ya dube ta sama da ƙasa, ya yi mata magana da Larabci, mai zafi, a gaban masu jinya da masu jira. Ya ce irinsu ne suke koyon abu a waya su zo su nakasa mutane. Yaya ta buɗe baki, Ustaza ta taɓa mata hannu. Ta tsaya ta shanye duka, ta ce, "Za a gyara, dikta." Ba za ta faɗa wa baƙo cewa uwarta ce ta kore ta bakin taga ba.

A tasha, Malam da Yaya sun tafi neman mota, aka bar mu mu biyu a inuwar wani shago. Ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu kaɗai ba. Ba ta dube ni ba, hanya take kallo.

Ta ce, "Yumma, kin san abin da ya kai ni wannan aikin? Haboba. Tun ina ƙarama bayanta ya lanƙwashe, ba ta ganin fuskar mutum sai ta karkata kai. Ni nake ɗaga ta da asuba, ni nake riƙe mata buta. Kullum tana cewa tsufa ne. Da na je karatu na gane ba tsufa kaɗai ba ne, kaskon kisra ne da tulu da haihuwa, kuma da an koya mata abu kaɗan tun da wuri da ta mutu a miƙe. Na taɓa bayan matan da ban san garinsu ba. Suna zuwa a duƙe su fita suna dariya. Na ce wata rana zan kawo abin nan gida." Sannan ta ce, "Ba zan ƙara koyarwa ta taga ba. Ko ki bar ni in sa hannu, ko in koma, Baba ya kai ki birnin Madani wurin wata baƙuwa. Baƙuwa ai ba kya jin kunyarta."

Na ce, "Ga motar can."

Washegari da hantsi na ce wa Yaya ina marmarin gahawa da citta irin ta gidan ɗiyarta, can ƙarshen gari. Ta dube ni, ta dubi tsakar gida inda Ustaza ke shanya. Ba wawuya ba ce Yaya. Ta yafa mayafi ta ce, "Cittar nan sai an daka. Zan daɗe."

Na buga ƙofar da sanda sau biyu. Da Ustaza ta shigo ta tarar na kwanta, na lanƙwasa gwiwa, na rufe fuskata da mayafi. Na ji hannunta ya shiga ƙarƙashin ƙuguna, sanyi daga ruwan wanki, tafin duk ya yi kanta.

Ta ce, "Ja numfashi. Saki. Yanzu danne hannuna da bayanki. A'a, ba da ƙarfi ba. Kamar kina danna ƙullu ki ji ko ya tashi."

Na danna. Ta ce, "Shi ke nan. Sake."

Na yaye mayafin na ce, "Wannan ne duka? Wannan kike tsaye a rana kina faɗa?"

Ta ce, "Wannan ne na yau."

Haushi ya kama ni har na ji hawaye. Abin da bai kai motsin kyanwa a barci ba, shi muka bari muka yi ta ɗaga ƙafafu sama kamar masu haƙar rijiya.

Kada wata ta zaci daga nan sauƙi ya zo da gudu. Makonni suka yi ta wucewa ina danna hannu, ina zame diddige, ina kwanciya a gefe ina buɗe gwiwa. Ustaza a bakin aiki ba ta da sassauci. In na riƙe numfashi ta sani, in na yi ha'inci da kafaɗa ta sani. Ta hana ni kujerar tsugune, ta sa aka yi wa murhu dakali, ta sa ni tafiya zuwa bakin kwata da dawowa ina dogara sanda, mutane suna tambaya ko ba ni ce aka ce ba ni da lafiya ba. Wata rana in tashi da sauƙi, washegari kamar ba a taɓa yin komai ba. Mai shagon ful ya gaji da jira ya ba wata aikin kisrar. Ajin safe na Ustaza ya watse, aka ba wata ɗakinta. Masu dubiya suka daina zuwa, sai Yaya, wadda ta koma zama a bakin ƙofa tana tsintar wake tana cewa, "Ni dai ban ga abin da ake yi ba." Daga baya na kama ta a ɗakinta kwance a ƙasa tana zame diddige.

Ranar da goshina ya koma ƙasa, sallar la'asar ce. Mun daɗe muna koyon sauka: hannu a kan kujera, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, baya a miƙe. Ranar na sauka, na sa hannuwa, na ji ƙanshin tabarma da ƙasa a hancina. Na daɗe ban ɗago ba. Ustaza tana tsaye a bayana ko zan kasa tashi. Na tashi da kaina. Da na sallame na waiga, ta riga ta fita.

Amma babban yatsan nan bai dawo ba. Har yau ina taka ƙaya da shi ban sani ba sai na ga jini, kuma silifa sai mai maɗauri. Dikta ya ce jijiya in ta daɗe a danne wani lokaci tana farfaɗowa, wani lokaci ba ta yi. Bai ce mako biyun tagar nan ne suka jawo ba, ni ma ban tambaye shi ba. In na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan ɓata wa ba. Yaya da ta sayar da tunkiyarta? Uwata da ke kabari?

Ga abin da zan ce wa 'yan'uwana mata. In ciwon baya ya sauka ƙafa, ku je asibiti kafin kowa ya taɓa ku da ƙarfe ko ƙaho, ko layin zai kai ku kwana. Motsin da ya harba zafi ƙafa, ku bar shi, ba aiki yake yi ba. Kuma duk wanda zai koya muku, kada ku sa wani a tsakani, ko wace ce ita a wurinku.

Ina godiya ga Malam, da Yaya Rakiya, da diktan nan duk da abin da ya faɗa wa wadda ba ta da laifi. Allah ya saka wa kowa.

Ustaza ta koma Khartum tana tara sababbin ɗalibai daga farko. Kafin ta tafi ta bar mini shuɗiyar tabarmar, ta sa lambarta a wayar gida, ta ce, "In na kira da safe, kada a miƙa wa Gwaggo." Yanzu in na idar da azkar sai in shimfiɗa tabarmar a kan tudun bayan rumbu in jira. Da wayar ta yi ƙara, sunanta ne yake fitowa a rubuce. Mu da muka koyi karatu a ajin manya ba mu iya karatu da ido kaɗai ba, sai baki ya motsa. Rannan Malam yana kwance jaki a kusa, ya ji na karanta shi a fili, harafi bayan harafi. Ya tsaya da igiya a hannu, sannan ya ci gaba da abin da yake yi kamar bai ji ba.

Na danna wayar. Ta ce, "Yumma, kin kwanta? To, ja numfashi."